Idon Kwaɗo da Fuskar Kwamfuta: Yadda Ake Sarrafa Na'ura Daga Nesa

Masu iya magana sun ce zuwa da kai ya fi aike. To amma akwai wuraren da zuwa da kai yake da wuya, ko tsada, ko ma haɗari. A ƙololuwar dutsen Mauna Kea da ke tsibirin Hawai, a tsayin mita 4,145 sama da doron teku, akwai tagwayen madubban hangen taurari na cibiyar Keck, kowanne faɗinsa mita 10. Iskar da mutum yake samu ya shaƙa a can kimanin kashi 60 cikin 100 ce ta wadda ake samu a bakin teku, saboda haka ciwon kai da kasala da mantuwa sukan kama wanda ya hau, alhali kuwa duba taurari aikin dare ne mai son natsuwa. Wannan ya sa ma'aikata ƙalilan ne suke raba dare a saman dutsen. Su masanan sukan zauna ne a garin Waimea da ke ƙasa, ko a jami'o'insu da ke jihar Kalifoniya, dubban kilomitoci daga wurin, su kunna kwamfutarsu, sai ga fuskar kwamfutocin da ke sarrafa na'urorin madubin ta bayyana a gabansu. Su motsa linzami a nan, kibiya ta motsa a can.

Wannan fasaha ta kallon fuskar wata kwamfuta da sarrafa ta daga nesa ta zama ruwan dare a bankuna da asibitoci da jami'o'i. Abin sha'awa ga ɗalibin ilmin halittu shi ne, matsalolin da injiniyoyi suka yi fama da su wajen ƙera ta, tuni jikin dabba yake ɗauke da maganinsu. Kwaɗo ma kaɗai ya isa ya bayyana yadda take aiki, da kuma inda haɗarinta yake.

Mece ce fuskar kwamfuta?

An tsara fuskar kwamfuta ne kamar teburin ma'aikacin ofis. Akwai tagogi da ake buɗewa a yi rubutu ko lissafi a cikinsu, akwai 'yan alamomin da ke wakiltar takardu da manhajoji, sannan akwai kibiyar da linzami yake jujjuyawa. Idan aka kara madubin ƙara girma a jikin gilashin, za a tarar duk wannan ƙawa ɗige-ɗige ne ƙanana da aka jera sahu-sahu, kamar yadda zanen hular kube yake fitowa daga ɗinki ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗigo yana da lambobi uku da ke faɗin yawan jan haske da kore da shuɗi da ke cikinsa, kowace lamba daga 0 zuwa 255. Kwamfuta tana ajiye waɗannan lambobi a wani sashe na ƙwaƙwalwarta, gilashin kuwa aikinsa kawai ya karanta su ya haskaka. Ke nan duk wanda ya sami lambobin zai iya sake zana fuskar a ko'ina yake a duniya.

Manhajoji biyu ne suke gudanar da aikin. Ta farko tana zaune a kwamfutar nesa, tana karanta lambobin tana aikawa. Ta biyu tana kwamfutar da ke gaban mutum, tana karɓa tana zanawa, sannan tana mayar da labarin kowane harafi da aka danna da kowane motsi na linzami. Hoto yana tahowa ta hanya ɗaya, umarni yana komawa ta ɗaya hanyar.

Haka jikin ɗan'adam yake. A shekarar 1822 wani masani Bafaranshe, François Magendie, ya tabbatar da cewa jijiyoyin da ke manne da laka kashi biyu ne: na baya suna kai wa ƙwaƙwalwa labarin abin da jiki ya ji, na gaba kuma suna kai wa tsoka umarnin motsi. Fasahar sarrafa kwamfuta daga nesa tsawaita waɗannan jijiyoyi biyu ta yi, ta miƙa ido da hannun mutum har ƙetaren teku. Ana iya buɗe ta farko kaɗai, wato a bar mutum ya kalla ba tare da ikon taɓa komai ba, ana kuma iya buɗe duka biyun.

Daga San Faransisko zuwa Kambirij

Ranar 9 ga Disamba, 1968, wani injiniya Ba'amurke mai suna Douglas Engelbart ya zauna a gaban taron mutane kimanin 1,000 a birnin San Faransisko, ya nuna musu linzami da tagogi da gyaran rubutu a kan gilashi. Kwamfutar da yake sarrafawa tana garin Menlo Park, kusan kilomita 50 daga zauren. Hotonta ana turo shi ne ta iska kamar na talbijin, umarnin hannunsa kuma yana komawa ta wayar tarho. A wannan rana jama'a suka ga abin da zai yiwu, amma kuɗin yin sa ya fi ƙarfin kowa in ban da manyan cibiyoyin bincike.

A 1984, a cibiyar fasaha ta MIT da ke Amurka, Robert Scheifler da Jim Gettys suka fito da tsarin tagogi mai suna X, wanda zubinsa na 11 ya fito a 1987 ya kuma daɗe yana mulki a kwamfutocin jami'o'i. Shi X umarnin zane yake aikawa: ja layi daga nan zuwa can, rubuta harafi kaza da salon rubutu kaza. Wannan yana da tsimi, sai dai dole na'urar da ke karɓa ta kasance mai wayo, ta san duk salon rubutun da za a ambata, kuma idan layi ya yanke, manhajar da ake aiki da ita takan mutu tare da aikin da ke cikinta.

Gyaran wannan ya fito ne daga birnin Kambirij na Ingila, a wani ɗakin bincike da kamfanin Olivetti na Italiya ya kafa a 1986, wanda Andy Hopper ya jagoranta. Ma'aikatan wurin suna rataya wani ɗan baji da ke sanar da ginin ɗakin da mutum yake. Daga nan suka yi tunanin, me zai hana fuskar kwamfutar mutum ta riƙa bin sa duk ɗakin da ya shiga? Sun kuma ƙera wani allo mara ƙwaƙwalwar kirki mai suna Videotile, wanda bai iya komai ba sai nuna ɗige-ɗigen da aka turo masa. Tristan Richardson ne ya tsara ƙa'idar magana da wannan allo, daga baya aka mayar da allon kansa manhaja wadda kowace kwamfuta za ta iya ɗauka. Sunan wannan tsari VNC. A 1998 aka sake shi kyauta ga duniya tare da asirin rubutunsa, a shekarar da Richardson da Quentin Stafford-Fraser da Kenneth Wood da Hopper suka wallafa bayaninsa. Shi Stafford-Fraser ya riga ya yi suna saboda wani aiki na 1991, lokacin da shi da Paul Jardetzky suka ɗora kyamara a gaban butar gahawa a Jami'ar Kambirij, don abokan aikinsu su daina hawa bene su tarar da buta wayam.

A ita wannan shekara ta 1998 kamfanin Microsoft ya fito da nasa tsarin mai suna RDP, wanda ya shiga hannun jama'a sosai da fitowar Windows XP a 2001. An rufe ɗakin binciken na Kambirij a 2002, sai wasu daga cikin masu aikin suka kafa kamfanin RealVNC. Bayan haka TeamViewer ya fito a Jamus a 2005, AnyDesk kuma a 2014.

Lissafin da ya tsaya a gaba

Don a gane girman matsalar, sai a ɗauki alƙalami. Fuskar kwamfuta ta ƙarshen shekarun 1990 tana da ɗigo 1,024 a kwance da 768 a tsaye, jimla 786,432. Kowane ɗigo yana cin bayit 3, wato ma'aunin saƙon kwamfuta, kowane bayit kuma bit 8 ne. Hoto ɗaya tak ya kama bit 18,874,368 ke nan. Modem ɗin wancan zamani, wato na'urar da ke haɗa kwamfuta da wayar tarho, da yawa suna ɗaukar bit 28,800 ne a daƙiƙa. Idan aka raba, za a ga hoto ɗaya zai ci daƙiƙa 655, kusan minti 11. Wa zai danna harafi ya jira minti 11 kafin ya gan shi?

Ƙaruwar saurin intanet ma ba ta kawar da matsalar ba, domin fuskokin su ma sun ƙaru. Fuska mai ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye tana da ɗigo 2,073,600. Aika ta sau 30 a daƙiƙa zai buƙaci kusan bit biliyan ɗaya da rabi kowace daƙiƙa, abin da ya fi ƙarfin layin yawancin gidaje da makarantu nesa ba kusa ba. Dole a sami dabara.

Abin da idon kwaɗo yake faɗi

Idon mutum ma yana fuskantar irin wannan lissafi. A tantanin da ke can ƙuryar ido akwai ƙwayoyin halitta masu kama haske kimanin miliyan 100, amma jijiyar da ta tashi daga ido zuwa ƙwaƙwalwa zarenta bai wuce miliyan ɗaya da 'yan kai ba. Ke nan ido ba ya iya kai rahoton kowane ɗigo. Tacewa yake yi.

A 1959, Jerome Lettvin da Humberto Maturana da Warren McCulloch da Walter Pitts, a cibiyar MIT, suka saurari saƙonnin da ke bi ta jijiyar idon kwaɗo zare bayan zare. Suka tarar wani zaren ba ya magana sai ya ga iyakar da ke tsakanin haske da duhu. Wani sai ƙaramin abu baƙi mai motsi ya gifta, kamar ƙuda. Wani kuma sai haske ya dushe farat ɗaya, kamar inuwar tsuntsu mai farauta ta faɗo. Abin da ke tsaye cik bai cika tayar da su ba, shi ya sa kwaɗo yake iya zama da yunwa a tsakiyar matattun ƙudaje. Idon mutum ya fi na kwaɗo fasaha, amma shi ma canji yake bi. Wanda ya kafa ido a kan ɗigo ɗaya na kimanin rabin minti, zai ga tabo mai dishi-dishi da ke gefe ya ɓace. Abin da ya sa duniya ba ta ɓacewa a idon mutum shi ne ƙwayar idon ba ta daina 'yar rawa ko da an kafa ta.

Dabarar VNC ta farko ita ce wannan. Bayan an aika cikakken hoto sau ɗaya, manhajar da ke nesa sai ta koma gadi, ba ta aika komai sai inda aka sami canji. Idan mutum ya danna harafi, ɗan murabba'in da harafin ya zauna ne kawai ya canza. In faɗinsa ɗigo 8 ne tsayinsa 16, bayit 384 ke nan, wanda tsohon modem ɗin nan zai kai cikin kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Minti 11 ya koma ƙiftawar ido.

Dabara ta biyu, idan aka ja taga daga hagu zuwa dama, ɗige-ɗigenta suna nan a wurin mai kallo, don haka sai a ce masa kawai ya kwashe murabba'in da ke wuri kaza ya mayar wuri kaza. Ta uku, idan fili launi ɗaya ne, ba a lissafa ɗigo ɗaya-ɗaya. Sai a ce duk wannan yanki fari ne, ban da ɗan wurin nan da yake baƙi. Wani salon aikawar yana yanka fuskar gida-gida, kowane gida ɗigo 16 sau 16, ya bayyana kowanne ta hanyar da ta fi gajarta. Ta huɗu kuwa ta ladabi ce: mai aikawa ba ya turo sabon hoto sai mai kallo ya nema. Idan layi yana da sauri, sai a yi ta nema a kai a kai. Idan yana da nauyi, canje-canjen da suka taru sai a dunƙule su a aiko da na ƙarshe kawai. Ta haka tsarin yake daidaita kansa da ƙarfin kowane layi. Saƙon da ke komawa kuwa bai taka kara ya karya ba: danna harafi bayit 8 ne, motsin linzami bayit 6.

Inda waɗannan dabaru suke gazawa shi ne wajen majigi ko wasan kwamfuta, domin a nan kowane ɗigo canzawa yake yi. Saboda haka tsare-tsaren baya-bayan nan suka ari hanyoyin matse bidiyo, irin su H.264 da aka amince da shi a 2003, waɗanda suke zubar da ƙananan bambance-bambancen launi da idon mutum bai cika lura da su ba. A nan ma sanin halin ido ne ya yi jagora.

Jinkirin da ba shi da magani

Rage yawan saƙo abu ne mai yiwuwa, amma rage nisa ba ya yiwuwa. A 1850, Hermann von Helmholtz na Jamus ya auna saurin saƙo a jijiyar ƙafar kwaɗo, ya sami kimanin mita 30 a daƙiƙa, a zamanin da manyan masana suke zaton saurin ya fi ƙarfin awo. Jijiyoyin mutum mafiya sauri suna kaiwa mita 120 a daƙiƙa. Wato ko a cikin jiki akwai jinkiri tsakanin niyya da motsi, sai dai ƙwaƙwalwa ta saba da shi. Idan jinkirin da ke tsakanin motsa hannu da ganin sakamako ya haura kimanin kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa, mutum yakan fara jin kamar kibiyar tana jan ƙafa.

Haske yana gudun kimanin kilomita 200,000 a daƙiƙa a cikin zaren gilashin da ke ɗauke da intanet. Wayar ƙarƙashin teku ta MainOne, wadda ta fara aiki a 2010 tsakanin Fotugal da Legas, tsawonta kilomita 7,000 ne. Zuwa da dawowa a cikinta kaɗai ya ci kashi 7 cikin 100 na daƙiƙa, kafin a haɗa da tafiyar Legas zuwa Kano ko Zariya da tsaye-tsayen da saƙo yake yi a hanya. Ɗalibin da ke sarrafa wata kwamfutar Turai daga nan zai iya aiki, amma zai ji nisan a hannunsa. In kuwa ta tauraron ɗan'adam mai tsayin kilomita 35,786 aka bi, sai saƙo ya hau ya sauka, amsa ma ta hau ta sauka, kusan rabin daƙiƙa ke nan. Tsakanin duniya da duniyar Mars kuwa saƙo yakan ɗauki minti 3 zuwa 22 a tafiya ɗaya, gwargwadon inda kowace take. Shi ya sa ba a tuƙa motocin binciken da ke can da linzami. Jerin umarni ake aika musu su aiwatar da kansu.

Amfaninta ga mai bincike da makaranta

A yankin Oksfod na Ingila akwai cibiyar Diamond, wadda aka buɗe a 2007, inda ake samar da haske mai tsananin ƙarfi irin na ɗaukar hoton ƙashi, don gano siffar furotin. Masanin da ke wata ƙasa yakan daskarar da furotin ɗinsa ya zama 'yan ƙwayoyi kamar na gishiri, ya sa su a tulu mai sanyin ruwan naitirojin, ya aika. Ranar da aka ba shi, sai ya buɗe fuskar kwamfutar cibiyar daga ofishinsa, ya umarci hannun inji ya ɗauko ƙwaya, ya saita ta, ya haska. A 2020, lokacin da annobar korona ta hana tafiye-tafiye, cibiyar ta yi aiki a kan furotin ɗin ƙwayar cutar, kuma irin wannan hanya ce ta bai wa masu bincike da yawa damar ci gaba da aiki daga gidajensu.

Akwai wata fa'ida kuma. Babban madubin ƙara girma mai aiki da lantarki yakan tara bayanai a yini ɗaya da za su cika ƙwaƙwalwar kwamfutar ɗalibi har su yi ambaliya. Maimakon a jawo wannan tuli ta siririn layi, sai a bar shi inda yake, a sa babbar kwamfutar can ta yi lissafin, hoton sakamakon kawai ya taho.

Fa'idar da ta fi shafar ƙasashen da wutar lantarki ba ta da tabbas ita ce, a tsarin VNC kwamfutar mai kallo ba ta riƙe komai na aikin. Idan aka ɗauke wuta, ko layi ya yanke, aikin yana nan a kwamfutar nesa yadda aka bar shi, muddin ita tana kunne. Mutum zai iya komawa ta wata na'urar dabam, ko da wayar hannu ce, ya tarar da kalmar da ya fara rubutawa tana jiran ya ƙarasa. Haka nan makarantar da ke da kwamfuta mai ƙarfi guda ɗaya da tsofaffi goma za ta iya mayar da tsofaffin tagogin leƙa mai ƙarfin, musamman a tsarin Linux. Akwai kuma manhaja ta kyauta mai suna Veyon, wadda aka gina a kan VNC, da ke bai wa malami damar nuna fuskar kwamfutarsa ga dukan aji, ko ya leƙa ta ɗalibin da ya maƙale ya kama masa.

Ƙafar kwaɗo ba ta tambaya

A 1791, Luigi Galvani na birnin Bolonya a Italiya ya wallafa sakamakon gwaje-gwajensa a kan ƙafar mataccen kwaɗo. Da ya sa lantarki ya taɓa jijiyar, sai ƙafar ta harba kamar mai rai. Darasin da ke ciki shi ne tsoka ba ta tambayar wanda ya aiko da umarni. Duk saƙon da ya biyo ta jijiya, bi take yi. Kwamfutar da aka buɗe wa hanyar sarrafawa daga nesa ita ma haka take: ba ta bambance hannun mai ita da hannun ɓarawo.

Ranar 23 ga Disamba, 2015, da yamma, ana tsakiyar hunturu, wani ma'aikacin kamfanin rarraba wutar lantarki a yankin Ivano-Frankivsk na ƙasar Yukren ya ga kibiyar kwamfutarsa tana tafiya ita kaɗai. Tana zuwa kan makunnin wata tashar rarraba wuta, ta kashe, ta wuce ta gaba. Ya kama linzaminsa, ya ƙi jin sa. Can sai aka fitar da shi daga tsarin, aka canza kalmar sirrinsa. Kamfanoni uku aka kai wa hari a ranar, masu amfani da wuta kimanin 225,000 suka shiga duhu na tsawon awa ɗaya zuwa shida. Bincike ya nuna maharan sun shiga ne watanni kafin nan ta wasiƙun imel masu ɗauke da takardun bogi, suka saci kalmomin sirrin ma'aikata, sannan suka yi amfani da hanyoyin shiga daga nesa. Abin da ya ceci jama'a shi ne ma'aikata sun shiga motoci sun je tashoshin, sun mayar da wuta da hannu.

Sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. VNC na asali an yi shi ne don gini ɗaya na abokan aiki da suka yarda da juna. Kalmar sirrinsa ba ta wuce harafi 8 ba, kuma hoto da haruffan da ake dannawa suna tafiya ne a fili, duk wanda ya tsaya a hanya zai iya karantawa. A bisa al'ada yana sauraro ne a ƙofa mai lamba 5900, RDP kuma a 3389, kuma dare da rana akwai manhajojin ɓarayi da ke zagaya intanet suna ƙwanƙwasa waɗannan ƙofofi. A watan Mayun 2019 an bayyana wata ɓaraka a RDP da aka laƙaba wa suna BlueKeep, wadda girmanta ya sa Microsoft ya fitar da gyara har ga Windows XP da ya daina kula da shi tun 2014.

Ga talaka kuwa, haɗarin ya fi zuwa ta baki mai daɗi. Ɗan damfara yakan bugo waya ya ce shi ma'aikacin banki ne ko na kamfanin sadarwa, akwai matsala a asusu, a sauke wata manhaja a karanto masa lambobin da suka fito. Wanda ya karanta lambobin nan ya miƙa idonsa da hannunsa ke nan, kuma duk abin da ya buɗe a wayar, har da lambar sirrin banki, a gaban ɗan damfarar yake yi.

Rigakafi da gwajin aji

Rigakafin bai fi ƙarfin kowace makaranta ba. Na farko, kada a bar wa wanda ya bugo waya ko ya aiko da saƙo ikon shiga na'ura, komai daɗin bakinsa. Mai neman taimako shi ya kamata ya kira wanda ya sani. Na biyu, kada a buɗe ƙofar VNC ko RDP kai tsaye ga intanet, sai ta cikin rufaffiyar hanya mai baddala saƙo, irin su VPN ko SSH. Na uku, a haɗa kalmar sirri da shaida ta biyu, kamar lambar da ke zuwa a waya. Na huɗu, inda kallo ya wadatar, a bar shi a kallo, a rufe hanyar umarni. Na biyar, a riƙa sabunta manhaja, a kuma kashe ta idan an gama. Malamin da zai leƙa fuskar kwamfutar ɗalibi kuma ya kyautu ɗalibin ya san ana ganinsa, domin leƙen asiri ba tarbiyya ba ce.

Malami zai iya koyar da wannan darasi ko babu kwamfuta ko ɗaya. A bai wa ɗalibai biyu takarda mai gida 10 a kwance da 10 a tsaye, su zauna baya da baya. Na farko ya yi zane ta hanyar baƙanta wasu gidaje, sannan ya karanta wa na biyu gida ɗaya-ɗaya, fari ko baƙi, har 100, aji yana ƙirga kalmomin da ya furta. Daga nan ya canza gida uku, ya faɗi su kaɗai. Sai a nemi aji ya ƙirƙiro hanyar da ta fi gajarta ta bayyana zanen farko. Ba a daɗewa wani zai ce, “sahu na ɗaya duk fari ne,” wani kuma ya ce, “sahu na biyar irin na huɗu ne.” A ƙarshe sai malami ya sa ɗalibi na uku ya laɓaɓo ya kwaikwayi muryar na farko ya ba da umarnin ƙarya, a ga ko mai zanen zai gane, sannan a tambayi aji wace shaida ya kamata ya nema kafin ya bi umarnin muryar da bai ga mai ita ba.